Yoga da Lafiyar Ciki: Abin da Mutumin Wurno Zai Ɗauka da Abin da Zai Bari

Duk wanda ya zauna a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ya ci tuwon dawarsu da miyar kuka, ya sha furarsu da nono, ya kuma saba zama da dattawa a dakali bayan sallar lisha, ya san cewa daga cikin koke-koken da jama'a ke yi game da jikinsu, in ka ɗebe zazzaɓin damina, babu wanda ya kai na ciki yawa. Wani ya ce ƙwarnafi ya hana shi runtsawa, wani ya ce cikinsa ya kumbura tun azahar har yanzu bai sace ba, wani kuwa ya rage murya ya ce yau kwanansa uku bai zaga ba. A Wurno, wato tamu ta kudancin Jigawa, ba ta Sakkwato ba inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi aka kuma binne shi a 1837, amsar da aka saba ba mai irin wannan kuka ba ta wuce biyu: ko a jiƙa masa kanwa ya sha, ko a aiki yaro kemis ya ce, "Baba ya ce a ba shi na olsa." Shi kansa Bello, da yake malami ne mai sha'awar ilmin ɗibbu, ya bar risala a kan maganin basur, abin da ke nuna cewa larurar ciki da ta bayan gida ba yau ta fara damun mutanen ƙasar nan ba.

Kanwa kuwa ba a banza aka amince da ita ba, domin tana kashe kaifin ruwan tsamin da ke cikin tumbi, haɗuwarsu kuma ta haifar da iska, mutum ya yi gyatsa mai ƙarfi ya ji sakayau, ya ce alhamdu lillahi. Illarta ita ce gishirin da ke cikinta, wanda ba ya yi wa mai hawan jini da mai ciwon zuciya daɗi. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Saboda haka ba laifi ba ne mutum ya tambaya ko akwai wata hanya ta sauƙaƙa wa ciki aikinsa wadda ba ta bukatar a haɗiyi kome, kuma a nan ne maganar yoga ta shigo, wadda samarinmu suka fara gani a finafinan Indiya, yanzu kuma suke cin karo da ita kullum a wayoyinsu.

Asalin yoga ƙasar Hindu ne, kuma tsohuwar aba ce ƙwarai. Wani malaminsu mai suna Patanjali ya tattara ƙa'idojinta cikin gajerun jumloli da harshen Sanskirit ƙarnoni da dama kafin zuwan Musulunci, ko da yake abin da ya fi damunsa shi ne tarbiyyar zuciya da tattara hankali, ba lanƙwasa gaɓoɓi ba. Bayanin zama iri-iri da sarrafa numfashi ya fi fitowa a littattafan baya, kamar Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15. Irin yogar da duniya ta sani yau kuwa, mai jerin motsi ɗaya bayan ɗaya, galibinta ta fito ne daga hannun Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar Maisur cikin shekarun 1930, da almajiransa irin su Iyengar. A ranar 11 ga Disamba, 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya, aka fara bikinta a 2015, ofishin jakadancin Indiya a Abuja kuma yakan tara mutane dominta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne malaman Musulunci sun riga Turawa sanin wannan fanni da nisa, domin Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a Khawarizm a 973, ya koyi Sanskirit a zamanin Sarki Mahmudu na Gazna, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci. A ƙarni na 16 kuma wani shehin ɗariƙar Shaɗɗariyya, Muhammad Gausu na Gwaliyor, ya rubuta Bahrul Hayat da Farisanci, inda ya siffanta zama iri-iri da hanyoyin riƙe numfashi.

Wajibi ne a tsaya a kan mas'alar addini kafin a ci gaba, domin babu mutumin Wurno da zai shimfiɗa tabarma don wannan abu alhali zuciyarsa tana waswasi. Gaskiya ne cewa yoga ta taso cikin addinin Hindu, kuma a wasu makarantunta ana haɗa ta da rera kalmomin bauta, da gaisuwa ga rana, da akidar cewa bawa zai narke ya zama ɗaya da abin bautarsa, waɗanda duk Musulmi ba ya kusantarsu. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulminta yoga saboda wannan cakuɗa. A 2009 kuma majalisar malamai ta Indonesiya ta yi tafsili, ta haramta wadda aka gauraya da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla a matsayin mubahi. A ganina tafsilin nan na biyu shi ya fi kusa da adalci, domin jan gwiwa zuwa ƙirji ba mallakar wani addini ba ne, kuma jariri ma yana yi in cikinsa ya murɗa. Abin da za a ambata a nan gaba duk na jiki ne, babu kiran sunan kowa a ciki, wanda kuma ya ga zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Ba za a gane fa'idar motsin ba sai an san hanyar da loma ke bi. Idan an haɗiye tuwo, yakan gangara ta maƙoshi ya ratsa wani faffaɗan tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne ke sauka ya hau duk lokacin da muka ja numfashi, sa'an nan ya shiga tumbi ta wata ƙofa mai tsukewa kamar bakin jaka mai zariya. A cikin tumbi akwai ruwa mai tsananin tsami da ke dama abincin har tsawon sa'a biyu zuwa huɗu, gwargwadon nauyinsa da maiƙonsa, kafin ya wuce ƙaramin hanji mai tsawon kimanin mita 6, inda jiki ke tsotse amfaninsa, saura kuma ya shiga babban hanji mai kimanin mita ɗaya da rabi, wanda ke hawa ta gefen dama, ya gitta ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauka ta hagu. Ƙwarnafi yana faruwa ne idan ƙofar nan ta saki, ruwan tsami ya komo sama ya ƙona maƙoshi. Kumburi kuwa galibi iska ce, wadda aka haɗiya wajen gaggawar ci, ko wadda ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji suka samar yayin da suke cin abin da ya gagari ƙaramin hanji, kuma duk wanda ya cika ciki da ɗanwake ko alala ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Akwai kuma wani sirri da tabiban da suka gabata suka lura da shi, na zamani kuma suka tabbatar, wato cewa hanji yana sauraron zuciya. A 1822, a tsibirin Makinak na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta huda cikin wani saurayi mai suna Alexis St. Martin, raunin ya warke amma ya bar kafa har cikin tumbi, likitan soja William Beaumont kuma ya yi shekara da shekaru yana leƙawa ta wannan kafa, yana saka nama ɗaure da zare yana fitarwa, har ya buga abin da ya gani a 1833. Daga cikin abin da ya gani da idonsa akwai cewa idan saurayin ya fusata ko ya tsorata, ruwan tumbin yakan canja, narkewar abinci kuma ta yi jinkiri. Dalili shi ne jiki yana da hali biyu, halin faɗa ko gudu, wanda a cikinsa jini ke barin hanji ya tafi gaɓoɓi, da halin natsuwa, wanda wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko har hanji ke jagoranta, a cikinsa ne kuma ake narkar da abinci. Magidancin da ya zauna gaban akushi yana lissafin kuɗin taki da bashin da ake binsa, ko da miyar ta ji man shanu, cikinsa ba a shirye yake ba.

Saboda wannan ne nake ganin cewa mafi amfanin abin da ke cikin yoga ga mai ciwon ciki shi ne wanda ya fi kowanne rashin ban sha'awa a ido, wato numfashi. Mutum ya kwanta rigingine a tabarma, ya tanƙwara gwiwoyinsa tafin ƙafa na ƙasa, ya sassauta zariyar wando, ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a kan cibiya. Sai ya ja iska ta hanci a hankali yana ƙirga huɗu, yana lura cewa hannun cibiya ne ke ɗagawa, na ƙirji kuwa yana nan kusan inda yake. Sa'an nan ya sake ta yana ƙirga shida, har cikin ya lafe. A karon farko yawancin manya za su tarar ƙirjinsu ne ke hawa, kafaɗu na ɗagawa, domin an daɗe da barin numfashin ciki tun ƙuruciya, amma bayan 'yan kwanaki abin yakan zauna. Minti biyar zuwa goma sun isa. Tsawaita fitar da iska yana rage bugun zuciya ya mai da jiki halin natsuwa, kuma da yake tantanin nan da ke yin numfashi shi ne ya kewaye ƙofar tumbi, horar da shi yana ƙara wa ƙofar ƙarfi. A 2012 likitoci a birnin Giraz na Ostiriya sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 19 masu fama da ƙwarnafi, inda waɗanda aka koya wa numfashin ciki suka sami raguwar tsamin da ke komowa sama, waɗanda suka dawwama a kai kuma suka rage shan magani. Adadin kaɗan ne, ba a gina fatawa a kansa, amma abu ne da ba ya cin ko kwabo, ba ya kuma cutarwa.

Bayan numfashi sai motsin fitar da iska, wanda masu yoga ke kira pawanmuktasana. Yana kwance rigingine, sai ya jawo gwiwar dama zuwa ƙirji, ya sarƙe yatsunsa a kan ƙwauri, ya matsa cinyar a kan cikinsa matsi mai sauƙi, ya yi numfashi biyar ko shida a haka. Ya sake ta ya kama ta hagu. Daga ƙarshe ya rungume duka biyun yana ɗan jujjuyawa dama da hagu. Malaman abin suna farawa da dama ne don bin hanyar babban hanji da muka ambata, kuma da wannan dalilin ne ake shafa ciki daga ƙasan dama a hau, a gitta, a sauka ta hagu. Ya kamata mai yi ya nemi ɗaki shi kaɗai, domin idan motsin ya yi aikinsa za a ji, alwala kuma sai an sake. Daga nan, ba tare da ya tashi ba, sai ya buɗe hannuwansa a ƙasa, ya kwantar da gwiwoyin biyu gefe ɗaya fuskarsa na duban ɗaya gefen, ya jima kaɗan, ya juya. Wanda gwiwarsa ke da lafiya yana iya ƙarawa da durƙuso a kan hannu da gwiwa, ya gantsare in ya ja iska, ya ƙudundune bayansa sama in ya sake ta, sau goma. Duka-duka abin bai wuce rubu'in sa'a ba, kuma sharaɗinsa ɗaya ne wanda ba a sassautawa: a yi shi ciki ba nauyi, ko da safe bayan asuba kafin koko, ko bayan sa'a uku da cin abinci.

Zama ɗaya ne kawai masu yoga suka yarda a yi shi bayan an ci, shi ne wanda suke kira bajrasana, inda mutum ke durƙusawa ya zauna a kan dugadugansa biyu, bayansa a miƙe, hannuwa a kan cinya. Duk Musulmin da ya gan shi zai tuna zaman tahiya, ko da yake mu mabiya mazhabar Imamu Malik mukan zauna ne a kan ɗuwawun hagu mu fitar da ƙafa ta dama. Kuma ba na son a fahimci cewa ina mai da salla motsa jiki, domin salla ibada ce da ake yi don Allah ko tana gyara ciki ko ba ta gyarawa. Hikimar zaman ba wata boyayya ba ce: ƙirji yana sama, tumbi yana ƙasa, ba a matse cikin ba, ruwan tsami kuma ba ya hawa tudu da kansa. Wanda gwiwa ta hana shi, ya zauna a kujera a miƙe, ko ya taka a hankali zuwa masallaci ya dawo, duk ɗaya ne. Abin gudu shi ne a tashi daga akushi a miƙe a gado, ko a koma gona nan take a sunkuya kan fartanya. Mai ƙwarnafin dare ya bar sa'a biyu ko uku tsakanin tuwo da barci, ya ɗaga kan gadonsa kamar taƙi ɗaya da bulo. Ya fara kwanciya ta dama yadda sunna ta koyar, in kuma ƙunar ta tashe shi, juyawa hagu yakan kwantar da ita, saboda yadda tumbi ya karkata a cikin jiki.

A kan tsugunno kuwa, wanda ake biyan kuɗi a biranen Turai don a koya, mutumin ƙauye ba ya bukatar malami, domin a haka yake cin kasuwa a Sara, a haka yake zagawa, kuma likitoci sun san cewa tsugunno yana miƙar da ƙarshen hanji ya rage yunƙuri fiye da zama a kan masan zamani. Manomin da ya wuni yana huɗa ba rashin motsi ke damunsa ba. Masu bukatar wannan bayani su ne tela da mai shago, da direban da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, da ma'aikacin ofis, da dattijon da ya bar gona, da matan da ba su cika fita ba, waɗanda tabarma ɗaya a tsakar ɗaki ta ishe su.

Watan azumi shi ne lokacin da koke ya fi yawa, ba don azumin ba, sai don yadda ake buɗa-baki: kunu da ƙosai da soyayyen dankali da ruwan sanyi da lemon kwalba duk cikin minti goma, sa'an nan a tafi asham ana ruku'u da sujada a kan cikakken tumbi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, ya riga ya yanke wannan magana, kuma babu wani lanƙwashe-lanƙwashe da zai gyara abin da haɗama ta ɓata. Mai son yin motsin a Ramadan ya yi shi kafin sahur, ko da la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi.

Akwai kuma abubuwan da za a gani a waya waɗanda bai kamata a kwaikwaya ba. Tsayuwa a kan ka ƙafa a sama tana ƙara ƙwarnafi, tana da haɗari ga mai hawan jini da mai ciwon ido. Tsofaffin littattafan yoga sun siffanta haɗiyar doguwar tsumma a jawo ta don wanke tumbi, wasu kuma suna shan ruwan gishiri kofi bayan kofi don wanke hanji. Wannan ba tsafta ba ce, jefa kai ne cikin halaka. Mace mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ƙaba ko gwaiwa, kada su matsa ciki ko su murɗa shi sai da izinin likita, numfashin kaɗai ya ishe su.

Iyakar abin da bincike ya nuna shi ne yoga tana sauƙaƙa wa masu irin ciwon cikin da ake aunawa ba a ga rauni ba, mai zuwa da murɗa da kumburi da maƙarƙashiya ko gudawa, wanda damuwa ke tayarwa. Gyambon ciki kuwa wani abu ne dabam. A 1982 likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawansa, har Marshall ya sha ta da kansa a 1984 don ya kafa hujja, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar tana da yawa ƙwarai a ƙasashenmu, ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Sababi na biyu shi ne magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake ƙullawa a leda a sayar da sunan maganin gajiya, leburori da manoma suna sha kullum ba abinci a ciki, suna cin bangon tumbi a hankali. Babu zaman da zai kashe waccan ƙwaya, babu numfashin da zai rufe wannan rauni.

Don haka, ya ɗan'uwa mai karatu, in ka ga aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, ko rama ba dalili, ko loma tana tsayawa a maƙoshi, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki da ya faro maka sabo bayan ka haura hamsin, ko ciki ya ƙage ya yi tauri da ciwo farat ɗaya, ko kuma abin da ka ɗauka ƙwarnafi ne ya zo da gumi yana harbawa zuwa hannu ko muƙamuƙi, to, naɗe tabarmar, ka bar kanwar, a sa ka a mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin da ya fi kusa da kai a ranar, kada a jira gari ya waye.